Ba Kisa Sai Jar Fitila Ta Kama

Mun bar Kongolam a baya, mota ta miƙi hanyar Matamai, sannan na fara tunanin ko na kulle rumfar namanmu da kyau. Na san na kulle. Na ja kwaɗon, na tafi, na dawo na sake ja. Amma haka Allah ya yi ni, abin da na riga na gama shi ne yake hana ni sukuni.

Ƙanena Isuhu yana gefena yana sharar barci, baki buɗe. Saboda shi ake tafiyar. Mu mahauta ne a Baure, gidanmu gidan fawa ne kuma gidan dambe. Ni ban taɓa shiga fili ba, ba ni da wannan zuciyar. Aikina in ɗaure masa hannu da kara, igiyar da ake naɗa wa hannun bugu, in riƙe masa ruwa, in tsaya bayan makaɗa ina addu'a. Shi kuwa Taɓarya ake ce masa, don in ya sauke hannu sau ɗaya ba ya buƙatar ya ƙara.

Wani mutum mai suna Sahabi ne ya ga wasansa ranar kasuwar Mai'adua, ya biyo mu har gida. Ya ce akwai wani gidan talabijin a Kotono, can bakin teku, da ke neman 'yan dambe na gaske. Isuhu ya ce ko da ƙafa ne sai ya je. Inna ba ta yi masa gardama ba, ni ta kira ɗaki. Ta ce, "Habu, ba kallo na tura ka ba. Yadda ka tafi da shi, haka za ka dawo min da shi." Wannan magana ta fi jakata nauyi.

A Tasawa muka tsaya Sahabi ya ɗauko wani ɗan dambe, Mamman, wanda ake kira Bahago don da hagu yake bugu. Ƙato ne, sai da ya sunkuya sosai kafin ya shigo motar. Ya dubi Isuhu sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Taɓaryar da ake faɗi? Wallahi na zaci zan ga namiji, ashe muciya ce."

Isuhu ya ce, "Muciyar ce za ta tuƙa ka."

Duk motar aka kwashe da dariya. Mamman ya buɗe buhunsa ya raba mana cuku da dabino, kafin mu kai Maraɗi shi da Isuhu sun zama kamar tare suka tashi. A Ƙonni aka saya mana nama na ƙi ci, don ban ga wanda ya yanka ba. Mamman ya ce, "Malam Habu, kai mahauci ne ko alƙali?" Amma da ya ga da gaske nake, sai ya sauka ya nemo min gasasshiyar masara.

Bayan Doso muka tarar da shinge. Masu kaki suka ce kowa ya fito. Wani dattijo mai tallan tabarma ya yi jinkirin samo takardarsa, ɗaya daga cikinsu ya zare bel ya tsula masa a fuska, ta wajen ƙarfen. Goshin ya tsage, jini ya rufe masa ido, yana ta cewa a yi haƙuri. Na ga hannun Isuhu ya dunƙule. Na riƙe masa wuyan hannu da hannuwana biyu, ina raɗa masa, "Don girman Allah, Isuhu. Ba garinmu ba ne." Ina jin jijiyarsa tana harbawa a tafina.

A nan Sahabi ya ce kowa ya ba shi katin shaidarsa da wayarsa, shi ya san yadda ake magana da mutanen. Muka ba shi. Aka buɗe mana hanya, amma bai dawo mana da komai ba. Duk sanda na tambaya sai ya ce, "Suna nan a adane, Malam Habu, ka cika damuwa." Na tambaya har na fara jin kunya.

A Gaya gada a rufe take, sai da kwalekwale ake haye kogi. Masu jirgi biyu suka kama faɗa a kanmu, kowa yana cewa fasinjansa ne. Ɗaya ya ɗaga filafili ya sauke wa ɗaya a tsakiyar kai. Na saba jin ƙarar ƙashi a mahauta, amma ta mutum daban ce. Jininsa ya fantsamo min a riga. Aka ja shi gefe, wanda ya yi bugun ya ce mu shiga, muka shiga. Har muka kai ɗaya gaɓar ba ruwan nake tsoro ba, tunanina yadda zan yi la'asar da rigar da ta taɓa jini. Wata mata mai soya kifi a Malanbil ta ga ina murza rigar da yashi. Ba ta jin Hausa, ni ma ba na jin yarenta. Ta karɓi rigar ta wanke da sabulunta, ta shanya a kan kwandonta, ta ƙi karɓar komai. Har yau ina saka ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Muka wuce Paraku, ƙasa ta canza, itatuwa suka yi duhu, iska ta yi nauyi kamar an jiƙa ta. Da muka shiga Kotono aka kai mu wani gida mai doguwar katanga a bayan gidan talabijin. Akwai 'yan dambe da dama a ciki, wasu daga Nijar wasu daga wajenmu, ga ƙarti masu gadi a ƙofa. Sahabi ya ce bari ya je ya dawo. Ban sake ganinsa ba. Washegari muka ji cewa katunanmu da wayoyinmu suna hannun Darakta, mai tsara shirye-shiryen tashar.

Darakta Bahaushen zango ne, unguwar Hausawan garin, a can aka haife shi, Hausarsa tana gauraye da Faransanci. Da ya ji ni ba ɗan dambe ba ne sai ya ce ba ya ciyar da mutum a banza, aka ba ni tsintsiya. Ta haka na san ofishinsa. A bango akwai babban allo da aka raba gida-gida, kowane gida da takarda mai launi, kowace takarda shiri ɗaya. Ni firamare kawai na yi, amma sharar yau da gobe ta sa na gane abin da ke damunsa. Akwai kamfanin da ke auna yawan masu kallon kowace tasha, kuma duk mako tasharsa ce a ƙasa. Da yamma ta yi sai mutane su koma wata tashar da ke nuna fim ɗin Indiya mai dogon zango. Masu ba da talla suna ta guduwa. Ya mai da shirin girki safe, ya cire shirin manoma gaba ɗaya, ya matsar da labarai, duk a banza. Dambe ne dabararsa ta ƙarshe. Ya sa shi ranar Lahadi, daidai lokacin da fim ɗin can yake farawa, kai tsaye.

Filin a harabar tashar yake, an zuba yashi, an kewaye da kujeru, an kawo makaɗan kalangu daga zango. Alƙalin fili wani tsoho ne, Baba Ɗanjuma, mutumin Gumel da ya daɗe a ƙasar, ya yi dambe da ƙuruciyarsa. Ranar farko na ɗaure wa Isuhu hannu, na kwance na sake ɗaurewa don ban yarda da ƙullin ba. Ya ce, "Yaya, hannun nan fa ba buhun gero ba ne."

Aka haɗa shi da wani dogo. Suka zaga juna kaɗan, Isuhu ya sauke masa ɗaya a muƙamuƙi, dogon ya zube. Baba Ɗanjuma ya ɗaga hannu, an yi kisa. Ga wanda bai san dambe ba, kisa ba mutuwa ba ce. In gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka, wasa ya ƙare, ba mai sake taɓa ka. Mutane suka yi ta ihu, na ce alhamdulillahi.

Sai ga Darakta ya fito da gudu, jijiyar wuyansa a tashe. "Wa ya ce ka kashe shi yanzu? Wa ya ce?"

Isuhu ya ce, "Yallaɓai, ai abin da aka kawo ni yi ke nan."

"Talla ba ta zo ba! Kamfanin lemon ƙara kuzari ya sayi tsakiyar wasa. Ka gama wasa kafin tsakiya, kowa ya ɗauki rimot ya koma wajen 'yan Indiya. Wa zai ga tallar? Ni da uwata?"

Ya ce daga yau a riƙa jan wasa. Isuhu ya gwada a Lahadi ta gaba, amma hannunsa bai iya ƙarya ba, ya sake kayar da mutum da wuri. Wasu kuma da suka ja wasan, masu kallo suka yi ta bugo waya suna cewa rawa ake nuna musu.

Sai Darakta ya sa aka kafa sanda a gefen fili, aka ɗaura mata jar fitila. Ya tara mu ya ce, "Ga sabuwar doka. Fitilar nan ba ta kamawa sai an gama talla. Kafin ta kama ba kisa. Wanda ya faɗi a ɗaga shi a ci gaba."

Baba Ɗanjuma ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce, "Ɗana, tun kafin a haifi ubanka, in gwiwa ta taɓa ƙasa an gama. Shi ya sa ake yin dambe a koma gida a ci tuwo tare. Abin da kake faɗi ba dambe ba ne."

"Baba, zamani ya canza."

"To ka nemi alƙalin zamani."

Ya ajiye usur ɗinsa a kan kujera ya fita. Aka ba ɗaya daga cikin ƙartin gadi alƙalanci.

Wanda dokar ta fara ci wani Bazabarme ne mai yawan fara'a. Ya faɗi, aka ɗaga shi. Ya sake faɗi, aka ɗaga shi, ƙafafunsa suna lanƙwashewa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Abokin wasansa ya ja baya, sabon alƙali ya tura shi gaba. Kafin fitila ta kama muƙamuƙinsa ya goce gefe, bakinsa ba ya rufuwa. Na yi amai a bayan kujeru.

Da safe na shiga shara na tarar da Darakta yana waƙa. Wayoyin tashar ba su huta ba tun jiya. Ya cire takardar shirin yara daga allo ya manna ta dambe, ya cire ta wa'azin Laraba ya manna ta dambe. Kafin wata ya ƙare dambe ya cinye rabin allon, tashar ta bar ƙasa ta fara hawa. Ɗan dambe a gida yakan huta sai jikinsa ya warke. Nan kuwa kafin kumburin jiya ya saɓe an sake kiran sunanka.

Ba na barci sosai a kwanakin nan. In na rufe ido sai in ga rumfarmu ranar kasuwa, ƙudaje, hayaƙin balangu, Inna tana aiko mana da fura a ƙwarya. Nan kullum kifi da wani tuwon masara mai tsami. Ko kiran salla daga nesa muke jin sa, ƙarar babura ta danne shi.

Wani ɗan Maraɗi ya haura katanga zai gudu, aka kamo shi a tashar mota. A tsakar gida suka kwantar da shi, suka yi ta dukan tafin ƙafarsa da tiyo, suka ce kowa ya fito ya gani. Ba su taɓa hannunsa ba, don akwai wasa jibi.

Idon Isuhu na dama ne ya fara lalacewa. Wani ya same shi a wurin bayan ya riga ya durƙusa. Idon ya kumbura ya rufe, da ya buɗe kuma farin ya zama ja kamar hanta. Ya ce min, "Yaya, in na dube ka biyu nake gani." Da dariya ya faɗi haka. Akwai wani mai ɗaukar hoto, Kosi, ɗan ƙasar ne, ba Musulmi ba, yana jin Hausa kaɗan. Shi yake ɓoyo mana ƙanƙara a cikin jakar kyamararsa. Ya kawo wata 'yar'uwarsa ma'aikaciyar asibiti ta duba idon ta taga. Ta ce in aka sake bugun wurin idon ya tafi, in bugun ya yi ƙarfi ma ba idon kaɗai ba.

Na ajiye tsintsiya na durƙusa a gaban Darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba shi hutu ya warke. Ni zan yi sharar gidan nan har na mutu."

Ya ce, "Tashi, Malam Habu. Zo ka gani."

Ya kunna min sanarwar da suke ta maimaitawa a tasha. Idon ƙanena ne ya cika allon talabijin, ja wur, ana kaɗa kalangu a bayansa. Sai fuskar Mamman ta fito. Taɓarya da Bahago, Juma'a mai zuwa.

Ya ce, "Idon nan shi mutane suke son gani. Juma'a tashar can za ta nuna ƙarshen fim ɗinsu, ni kuma ga nawa."

Duk wanda ya taɓa ɗaure wa ɗan dambe hannu ya san inda bugun bahago yake sauka. A gefen dama.

Da yamma muka zauna mu uku a bayan ɗaki. Mamman ya ce, "Wallahi ba ni taɓa idon nan. Mu yi ta zagaye, in buge ka a kafaɗa, ka buge ni a ƙirji, har fitilar tsiyar ta kama, in faɗi da kaina."

Isuhu ya ce, "Kai ka faɗi? Ƙato kamar rumbu? Wa zai yarda?"

"To muciya, kai ka faɗi."

"Allah ya kiyaye. A Baure ana kallo a waya."

Na ce, "Isuhu, ka ji tsoron Allah. Me Baure za ta yi maka in ka makance?"

Ya ce to. Amma na san ƙanena, kuma na san abin da kalangu yake yi masa.

Ranar Juma'a harabar ta cika har kan katanga. Kafin a fara na ga ƙarti biyu sun ja Mamman gefe, ɗaya yana buga tiyo a tafin hannunsa. Wani ya kai musu labarin shirinmu. Na ɗaure wa Isuhu hannu. Wannan karon bai yi min tsiya ba.

Turmin farko suka yi ta zagaye. Mutane suka fara ihu suna jifa da ledar ruwa. Makaɗa suka juya kiɗa suka kama kirarin Isuhu, suka ambaci babanmu, suka ambaci fawa. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ce inna lillahi. Ya sauke wa Mamman hannu a hanci, na ji ƙarar daga inda nake. Jini ya ɓalle masa har ƙirji. Mamman ya girgiza kai kamar sa, kuma hagunsa ta tafi da kanta, ban yi zaton shi ya aike ta ba. Ta sauka a idon.

Isuhu ya durƙusa, gwiwa biyu da hannu ɗaya a yashi. A ko'ina a ƙasar Hausa an gama. Na dubi sanda, fitila ba ta kama ba. Alƙali ya cusa hannu a hammatarsa ya miƙar da shi. Mamman ya ja baya yana cewa, "An kashe! An kashe!" Alƙali ya ingiza shi, ƙarti suka matso bakin fili. Isuhu yana tangaɗi, wani ruwa mai haɗe da jini yana bin kumatunsa, amma ya kai bugu, a iska, ya sake kaiwa, ya sami Mamman a karyayyen hancin. Mamman ya yi ƙara ya mayar. Isuhu ya faɗi ta fuska, ƙafarsa ɗaya tana shure-shure.

Alƙali ya sunkuya zai sake ɗaga shi.

Ni da ban taɓa taka fili ba, ban san sanda na tsallake kujeru ba. Na faɗa a kan ƙanena na rufe kansa da ƙirjina, na sarƙe hannuwana a ƙarƙashinsa. Alƙali ya ja ni ban saki ba. Ƙarti suka shigo. Tiyo ya sauka a bayana, ya sake sauka, wani ya taka min yatsu, wani ya shure ni a baki da takalmi. Na ji haƙorana a kan harshena kamar tsakuwa. Ina ta faɗi a kunnen Isuhu, "Ina nan, ina nan," ban san ko yana ji ba.

Sai dukan ya tsaya. Na ɗaga ido na ga Mamman ya kama ƙarti da hannunsa mai kara. Ya kayar da alƙali, ya kayar da mai tiyo, na uku ya fasa masa kujera a baya bai ko juyo ba. 'Yan kallo suka ɓarke, kujeru suna tashi sama, mata suna kururuwa. Ina kwance a yashi bakina cike da jini, sai na ga fitilar ta kama, ja, ita kaɗai a saman sandarta.

Kosi da Baba Ɗanjuma suka kai mu wani ƙaramin asibiti a zango. Isuhu ya farfaɗo washegari. Idon ya tafi. Ni haƙoran gaba sun tafi, yatsu biyu sun karye. Ina zaune bakin gadonsa ina tunanin da wane baki zan yi wa Inna bayani, sai ga Darakta da ledar lemo da ayaba, fuskarsa kamar ranar salla.

Ya ce, "Yayan Taɓarya! Ka san abin da ka yi? Ba wanda ya taɓa rimot. Har talla mutane suka zauna suka kalla, suna jiran su ga ko kun mutu. Mun wuce 'yan Indiya. Garin nan ba maganar da ake sai taka."

Ya ajiye ledar a kan gadon ya ci gaba.

"Na ba ka gida a allo. Duk Juma'a, in wani ya faɗi, sai ka ruga ka rufe shi, yarana masu gadi su shigo su ɗan taɓa ka. A hankali za su yi, na yi musu magana."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na kwana ina juya abin. In na yarda, na shiga cikin yaudarar mutane, ana nuna musu tausayi na haya. In na ƙi, katunanmu suna aljihunsa, kuma da Isuhu ya miƙe za a sake manna sunansa, mai ido ɗaya ma ya fi jan kallo. Na tambayi Baba Ɗanjuma ko akwai zunubi. Ya ce, "Wanda za ka rufe ɗin, da gaske zai faɗi ko da wasa?" Na ce da gaske. Ya ce, "To rufe shi da gaske."

Na ce wa Darakta sau ɗaya zan yi. Kuma kafin in taka fili, katina da na Isuhu da na Mamman su kasance a hannun Baba Ɗanjuma, a gaban limamin zango. Ya yi ta ja, ya ce Mamman ba ya ciki. Na ce to a nemi wani yayan. Ya riga ya fara sanarwa da fuskata, ba shi da yadda zai yi. Ya kawo katunan. Wayoyin ya ce sun ɓace.

Wanda ya faɗi a Juma'ar ɗan Maraɗin nan ne da aka daka wa tafin ƙafa. Na ruga na rufe shi. Ƙartin ba su yi a hankali ba, ba su manta abin da Mamman ya yi musu ba. Sun karya min haƙarƙari. Amma yana ƙarƙashina yana numfashi, ya riƙe rigata gam, kuma ba wanda ya sake taɓa kansa har fitila ta kama. Abin da ke damuna har yau shi ne ban san wa ya rufe shi a Juma'a ta gaba ba.

Mutanen zango suka sa mu a motar albasa da ke komawa arewa. Kosi ya zo tasha da ƙanƙara a leda, ta narke kafin mu fita gari. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a haƙarƙarina. A Tasawa Mamman ya sauka, hancinsa a karkace. Ya tsaya bakin taga ya kasa duban Isuhu. Ya ce, "Ka yafe min."

Isuhu ya ce, "Ni na fara. Tafi, rumbu, kafin in sauko."

Muka iso Baure da hantsi. Tun daga bakin kasuwa samari suke nuna ni, ashe abin ya riga mu zuwa a waya. Wani ya ce, "Ga mai rufe mutane!" Ban tsaya ba. Tun daga Kongolam nake shirya abin da zan ce, na shirya na rushe, na sake shiryawa.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya. Ta zo ta kama fuskar Isuhu da hannu biyu, ta daɗe tana duban inda idon yake, ta shafa gefen da babban yatsanta. Ba ta yi kuka ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ban dawo da shi yadda na tafi da shi ba."

Maganar ta fito da iska ta gurbin haƙorana. Ta saki Isuhu ta juyo.

"Buɗe bakinka."

Na buɗe. Ta duba, ta dubi yatsuna, ta ga yadda nake dafe da gefen ƙirji. Sannan ta zauna a ƙasa, a kan garin da ta tankaɗe.

Ta ce, "Shi na ce ka dawo min da shi. Ban ce komai a kanka ba." Ta rufe fuska da gefen zaninta. "Ban ce komai a kanka ba, Habu."

Yanzu muna rumfa tare. Isuhu yana yanka, ni ina gashi. Ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, don haka duk sanda ya ɗaga wuƙa ina duban yatsunsa. Yakan ce, "Yaya, namanka yana ƙonewa." Sai in juya naman, in sake dubansa.